Ina datar Hajiya ta tafi?

Jiya da yamma muna rufe shago ka tambaye ni abin da za ka gaya wa Hajiyar da ta kawo laftof ɗin ɗanta. Ta ce ta saka giga 40 a MiFi ɗin gida, wato 'yar na'urar nan mai sim da ke raba intanet ta Wi-Fi, kwana tara ta ƙare, kuma ta rantse kamfanin layi ne ke yi mata ƙwange. Kai kuma ka ce mu kashe sabuntawar Windows gaba ɗaya kowa ya huta. Lokacin ana kiran magariba, ban ba ka amsa yadda ya kamata ba. To ga ta, ɗana, ka karanta a tsanake.

Kada ka taɓa komai sai ka auna. Mai gyaran famfo idan aka ce masa tanki na ƙarewa da wuri, ba ya fara fasa bango, bututu yake bi har ya ga inda ƙasa ta jiƙe. Buɗe Settings, ka shiga Network & internet, ka nemo Data usage. Nan kwamfutar za ta jera maka abin da kowace manhaja ta sha a kwana 30 da suka wuce. Idan ka tarar laftof ɗin giga 6 kawai ya sha cikin 40, ka ga ba shi ne mai laifin ba, Hajiya ta ɗauko wanda ya fi kusa da hannunta ne kawai.

Daga nan sai MiFi ɗin kansa. Adireshin shiga saitinsa ta burauza yana rubuce a jikinsa ko a ƙarƙashin batir, na Huawei galibi 192.168.8.1 ne. Ka duba na'urori nawa ke kai. Na taɓa zuwa wani gida, maigidan ya ƙirga mini wayoyi huɗu da talabijin ɗaya, ni kuwa ina kallon goma sha ɗaya a allo. Ashe ranar suna aka ba wani baƙo lambar sirri, daga shi ta zagaye samarin layin, har dakalin ƙofar gidan ya zama majalisa bayan isha'i. Wayoyin yanzu ma ba sai an faɗi lambar ba, mutum zai nuna wa abokinsa hoton QR ya ɗauka, shi ke nan ya shiga. Ka sauya lambar sirrin Wi-Fi, ka kuma sauya ta shiga saitin, domin da yawa ana barinsu a kan admin ɗin da suka zo da shi.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan. Waya da kwamfuta an ƙera su ne da tunanin ƙasashen da intanet ɗin gida ke zuwa ta kebul, a biya kuɗin wata a sha iya sha. Saboda haka duk inda suka ga Wi-Fi, ɗauka suke kogi ne. Waya na kan datar layinta za ta yi ta kawaici, ta jinkirta manyan ayyuka. Da zarar ta hau MiFi sai ta saki jiki: Play Store ya hau sabunta manhajoji, Google Photos ya hau tura hotuna da bidiyon biki, WhatsApp ya sauke duk abin da aka zuba a zaurukan dangi, cikin dare kuma ya yi ajiyarsa a Google Drive. Mutanen gida na barci, data na tafiya. Wayar ba ta san cewa wannan Wi-Fi ɗin ma da kwano aka auno shi ba, kai ne za ka gaya mata. A Windows ka shiga bayanan Wi-Fi ɗin gidan ka kunna Metered connection. A Android akwai zaɓi irinsa a saitin wannan Wi-Fi ɗin, a iPhone kuma Low Data Mode ake kira. Kowace na'ura sai ka bi ta da hannu, har wayar 'yar aiki idan tana kai. Kuma ka fahimtar da Hajiya cewa turawa ma ci take kamar saukewa. Mutane da yawa sun ɗauka abin da suka kalla kaɗai ake cire musu.

Batun kashe sabuntawa kuwa, ban yarda ba, kuma kada in ji ka yi wa wani. Ranar Talata ta biyu a kowane wata Microsoft ke fitar da gyaran da ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya, alhali maganin ya fito tun watan Maris, ba a saka ba ne kawai. Yaron nan da laftof ɗin yake karatu, wataƙila da shi uwarsa ke shiga banki. Idan ka tsirar mata da giga biyu ka bar mata ƙofa a buɗe, cutarta ka yi. Abin yi shi ne a zaɓa wa sabuntawar lokaci. Metered connection zai hana mafi yawanta sauka da kanta, sai su kawo shi shago sau ɗaya a wata mu yi musu a kan namu, ko su yi da datar dare mai rahusa. Ka kuma shiga Delivery Optimization ka kashe shi, don kada kwamfutar ta riƙa raba wa wasu kwamfutoci abin da ta sauke da kuɗin Hajiya. In ka tarar Windows 10 ne, ka sanar da ni, domin tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina ba shi tallafin da aka saba, wannan zance ne daban da za mu yi da ita.

Ni dai zargina ya fi karkata ga talabijin ɗin falo. Netflix da kansu sun ce awa ɗaya a HD na iya cin giga 3, a 4K kuwa har 7. Yi lissafi: awa biyu kullum a HD, kwana bakwai, giga 42 ke nan. Ka ga datar Hajiya ta ƙare ba tare da kowa ya saci ko megabait ɗaya ba. YouTube kuma idan aka bar shi a Auto, iya ƙarfin sabis iya kyan hoton da zai jawo, shi ya sa mutum zai koma 4G ya ce data ta fi saurin ƙarewa. Ka mayar da shi 480p a wayoyi, a ƙaramin allo da wuya ido ya ga bambanci. Ka kashe Autoplay, saboda yara kan yi barci su bar katun na ta zuba har asuba.

Saura yadda za ka yi mata magana. Kada ka ƙaryata ta, kada kuma ka taya ta zagin kamfani don ta ji daɗi. Tun da NCC, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowane giga da zafinsa yake fita daga aljihu, don haka ɓacin ranta na da dalili. Juya mata allon ta gani da idonta. Idan har yanzu zuciyarta ba ta kwanta ba, ku gwada: a duba ragowar data da dare ta manhajar kamfanin ko *323#, a kashe MiFi ɗin, a sake dubawa da safe. In ta ragu alhali yana kashe, sai a kira kamfanin, in ba su saurara ba a kira 622, layin ƙorafi na NCC.

Gobe da ƙarfe goma ka je gidan, na riga na gaya mata kana tafe. Ka yi sallama ka jira a zaure har a ba ka izini. Tafi da littafinka, ka rubuto mini na'urori nawa ka tarar a kan MiFi ɗin da abin da kowacce ta sha, sannan ka kira ni kafin ka sauya komai a talabijin ɗin.