An Ba Ni Riƙon Kwaya: Me Ya Sa Muke Zamewa, Kuma Ana Cin Abinci da Wannan Aikin?

Tambaya: Shekara shida ina rera teno (muryar maza ta sama) a kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan cocinmu a Sabon Tasha. An yi wa mai koyar da mu canjin wurin aiki, dattawa suka ce in riƙe. Mu 34 ne, solfa kuma, wato rubutun waƙa da do re mi, kaɗan-kaɗan nake karantawa. Kafin mu kai baiti na uku sautinmu ya zame ƙasa, mai kibod yana ta hararata, ni kuma muryata sai ta dishe bayan kowace bita. Ina gyaran yake? Kuma mutum zai iya mai da wannan aikin sana'a?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya. Bari mu fara da muryarka, don wanda ba shi da murya ba ya koyar da murya.

Sauti yana fitowa ne daga wasu tantani biyu a maƙogwaro, iska daga huhu tana kaɗa su. In kana rera sautin A da ake daidaita kayan kiɗa da shi, suna buɗewa suna rufewa sau 440 a daƙiƙa ɗaya. To kai a bita ɗaya kana rera wa sofrano (muryar mata ta sama) nasu, ka sauka ka rera wa bes (muryar maza ta ƙasa), sannan ka ɗaga murya bisa mutum talatin kana cewa a yi shiru. Ba waƙar ce ke dishe ka ba, tsawar ce. Ka bar kibod ya buga wa kowane sashe layinsa, ka naɗa mutum guda mai kunne a kowane sashe ya riƙa jan ragama, in kuma ana surutu ka tafa hannu ko ka tsaya cik har su lura. Lokacin hunturu, da ƙurar Kaduna ke busar da maƙogwaro, ka riƙa kurɓar ruwa tun da safe. Wanda aka sha ana dab da farawa bai isa ya yi aiki ba. Raɗa ba hutu ba ce ga murya, kakin maƙogwaro akai-akai kuma goga tantanin yake yi. In dishewa ta wuce sati biyu zuwa uku, ka ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana nan cikin Kaduna. Zuma da citta suna da daɗi, amma ba sa cire ƙullutun da ihu ke haifarwa a jikin tantanin.

Zamewar sauti kuwa, yawanci daga wuri uku take. Na farko numfashi: mawaƙi yana ɗaga kafaɗa ya cika ƙirji, iskar ta ƙare kafin ƙarshen jimla, sautin ƙarshe ya sunkuya, a ɗauki jimla ta gaba daga inda ya sunkuya. Ka sa su ɗora hannu a haƙarƙari na ƙasa, su ja iska a ƙidaya huɗu har hannun ya buɗe, su sake ta da "sss" a ƙidaya sha biyu, bayan sati biyu a kai sha shida. Na biyu gangarowa. Daga do zuwa ti, da daga fa zuwa mi, rabin taku ne kawai, amma mawaƙa sukan yi taku mai faɗi in suna sauka, ƙanƙane in suna hawa. Kowane baiti a yi asarar ɗan kaɗan, zuwa na uku ya taru. Maganinsa minti biyar a kowace bita: do ti la so fa mi re do a hankali ba kibod, sannan a buga do ɗin a ji ko an dawo gida. Kunyar da za su ji ranar farko ta fi wa'azi aiki.

Na uku shi ne wanda sabbin masu koyarwa ba sa son taɓawa, wato mutanen da ke zaune a sashen da ba nasu ba. Akwai mamar da ta shekara ashirin a sofrano don nan ƙawayenta suke, alhali muryarta alto ce, wato muryar mata ta ƙasa. Duk sanda waƙa ta hau sama sai ta ja sauran ƙasa. Ka gwada kowa shi kaɗai, minti uku, ka nemo inda muryarsa ke fita ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba. Yadda za ka faɗa mata shi ne rabin aikin: "Mama, alto na bukatar murya mai kauri irin taki," ba "ba kya kaiwa" ba. Yara maza masu shekara 12 zuwa 15 da muryarsu ke fashewa kuma kada a kore su, kada a tilasta musu sama; a ba su layi mai ɗan tazara har ta zauna.

Jagorancin kwaya da hannu ba shi da wahala. Bugu huɗu: ƙasa, hagu, dama, sama. Bugu uku: ƙasa, dama, sama. Abin da ke sa kwaya ta shigo tare shi ne bugun da ke gaban shigowar, inda kai ma kake jan numfashi su gani. Kuma ka kula da Hausar kanta. Yawancin karin da ke cikin Littafin Waƙoƙi, na coci, daga Turai ya zo, wani lokaci dogon sauti kan faɗa kan gajeren wasali, kalma ta karkace. A sa su karanta baitin da baki tukuna kamar magana, sannan a rera.

Batun sana'a, gaskiya kwayar coci ita kaɗai ba kasafai take riƙe gida ba. A wurare da yawa aikin sa kai ne, sai ɗan kuɗin mota. Masu ci da wannan aikin harhaɗawa suke yi: koyar da kiɗa a makarantu masu zaman kansu, darasin murya na mutum ɗaya-ɗaya na minti 30 zuwa 45, shirya mawaƙan aure da na Kirsimeti, horar da ƙungiyoyin Zumuntar Mata kafin babban taro, da gyara wa masu shiga situdiyo murya. Makarantu kuwa takarda suke tambaya. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka tana da sashen kiɗa tun 1961, ƙungiyar kiɗa ta MUSON da aka kafa a Legas a 1983 tana da makarantar difloma, akwai kuma jarrabawar kiɗa ta ABRSM ta Ingila mai mataki takwas. Laz Ekwueme, wanda ya yi suna da jagorancin kwaya a ƙasar nan, ya yi farfesa a Jami'ar Legas. Koyarwa da jagoranci tare suka tafi.

Kafin wannan duka, solfa kaɗai za ta tsayar da kai a hanya. Ka koyi karanta rubutun kiɗa mai layi biyar, ka koyi kibod gwargwadon buga layi biyu a lokaci ɗaya. A bita ta gaba kuma ka ajiye waya a bayan ɗakin ta naɗi komai, ka saurara washegari da takardar waƙar a hannu, ka sa alama daidai kalmar da sautin ya fara sauka.