Littafi uku na cika da waƙoƙinta, ita kuwa tana ɗakin mijinta

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin Jos ne, a Unguwar Rogo nake, ina gyaran waya a wajen Terminus. Shekara uku muna tare da wata yarinya, daga baya aka ba wani ita. Yau shekara biyu da bikin. Tun ranar da aka kai ta na kama rubuta waƙa, yanzu na cika littafi uku, wasu kuma nakan ɗora a Facebook. Yayata ta ce taɓuwa ce, in je a yi mini ruƙiyya. Ni kuma na ce mata ai haka mawaƙa suke, ga Majnunu Laila nan duniya ta san shi. Na turo maka guda uku, ta farko da ta tsakiya da wadda na yi makon jiya. So ne wannan ko ciwo? In daina ne?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta waƙoƙin nan uku, kowace sau biyu, kuma amsar tambayarka tana cikinsu. Amma bari in fara da shaidar da ka kawo, domin ka ɗauko mutumin da zai kayar da kai a gaban alƙali.

Sunansa Ƙaisu ɗan Mulawwahu, daga ƙabilar Banu Amir a yankin Najadu, a ƙarni na 7. Majnunu laƙabi ne aka yi masa, ma'anarsa mahaukaci, kuma ba don yabo aka sa masa ba. Abin da masu ba da labarin a wurin hira sukan tsallake shi ne dalilin da aka hana shi Laila. Waƙa ce ta jawo. Ya riƙa ambaton sunanta a baitoci har suka bazu, a al'adar Larabawan lokacin kuwa abin kunya ne uba ya aurar da 'yarsa ga wanda ya yayata ta a waƙa, don mutane za su ce akwai abin da ake rufewa. Sai aka ba wani ita, shi kuma ya shiga daji. A wata ruwaya da Sufaye suke yawan kawowa, Laila da kanta ta zo ta same shi yana kiran sunanta, ya ce ta kauce masa, son ta ya shagaltar da shi daga gare ta. Ka tsaya a nan ka yi tunani. Ga matar a tsaye gabansa da jini da tsoka, amma ba ya bukatarta, saboda wadda ya gina a kansa ta fi masa daɗin zama. Sufaye sun ɗauki wannan misalin fana'i, wato narkewar mutum a son Allah, Nizami kuma ya mayar da labarin doguwar waƙa da Farisanci a 1188. Wannan fassararsu ce, tana da muhallinta. Amma idan ka cire rigar Sufanci ka dubi saurayin kawai, mutum ne da so ya cinye har ya manta da wadda yake so.

Mawaƙan Larabawa kuwa yawancinsu ba haka suke ba. Tsohuwar ƙasida tana da hanyar da take bi, Ibnu Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya bayyana ta. Mawaƙi zai fara da tsayawa a kufan masoyiya, wato inda danginta suka taɓa kafa tanti suka tashi. Zai ga duwatsun murhu sun yi baƙi, ya ga kashin barewa inda dā mutane ke zama, ya ce wa abokan tafiyarsa su dakata ya yi kuka. Haka Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin zamanin jahiliyya, ya buɗe shahararriyar ƙasidarsa da ake kira mu'allaƙa. To amma kukan baitoci ne ƙidayayyu. Daga nan sai ya hau raƙumarsa, waƙar ta shiga siffanta tafiya da zafin rana da namun daji, har ta kai inda aka nufa. Ka'abu ɗan Zuhairu ma da rabuwa da Su'adu ya fara ƙasidar da ya karanta a gaban Manzon Allah (SAW), amma ba a wurin Su'adu ya ƙare ba. Burda ta Busiri da ake karantawa a zaurukanmu lokacin Mauludi, ita ma da hawayen tuna maƙwabtan Zi Salam ta buɗe. Kufai mashiga ce a wurinsu. Ƙaisun Laila ne ya shimfiɗa tabarma a nan ya ƙi tashi, shi ya sa aka ba shi wancan suna.

A namu adabin abin ya ɗan sha bamban. Malaman da suka kafa rubutacciyar waƙar Hausa, tun daga zamanin jihadi, wa'azi da ilimi da madahu suka sa gaba, son mace kuwa sun bar wa bakin 'yan mata a dandali da matan da ke niƙa da daka. Amma kalmar da kake ta maimaitawa a waƙoƙinka, bege, a hannun malaman nan ta yi ƙarfi. Shehu Usmanu yana ɗan shekara ashirin ya yi ƙasidarsa ta Larabci ta begen zuwa Madina, kuma har ya bar duniya bai je ba. Ka ga nan ma akwai son abin da ba a samu ba, amma son bai zaunar da shi ba.

Wadda nake so ka fi kula da ita 'yarsa ce, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Ta yi marsiyyoyi, wato waƙoƙin makokin mamaci, da dama, ciki har da ta ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da ta aminiyarta A'isha. Mai rashi ce ta gaske, ba ta ɓoye hawayenta ba. Sai dai in ka gama sauraron marsiyyarta, mamacin za ka sani: halinsa, kyautarsa, yadda yake da mutane. Hansa'u, mawaƙiyar Larabawa, ma haka ta yi wa ɗan'uwanta Sakhru tun kafin wannan da ƙarnoni. Mai waƙar tana kuka, amma fitilar tana kan wanda aka rasa.

Yanzu ɗauko waƙarka ta farko. Akwai wannan baitin:

Kin ja mayafi kin rufe har hanci,
Kin ce da ni sanyin ga ba ya da mutunci.

Wallahi na yi dariya da na karanta. Duk wanda ya taɓa tsayuwar zance a Jos cikin Disamba, iska na kaɗowa daga duwatsu, ya san wannan tsayuwar. Na ga yarinyar, na ji muryarta, na gane mai barkwanci ce. A waƙar akwai soyayyen dankalin da kuka saya a bakin titi, akwai faɗan da ta yi maka don ka makara. Mutum ce mai rai, tana da bakin magana, har tana iya ba ka haushi.

Ta tsakiya ta fara yin shiru. Ta zama wata, ta zama tauraruwa, ta zama zinariya, kayan da kowane mawaƙi ke ara daga maƙwabcinsa.

Ta makon jiya kuwa na ɗauki biro na yi ƙidaya. Baiti goma sha biyu ne, tara daga ciki da "ni" suka fara:

Ni ne na mutu ban shiga kabari ba,
Ni ne na ƙone ban ga wuta ba.

Babu mayafi, babu dankali, babu ko kalma ɗaya da ta fito daga bakinta. Inda ta bayyana sau ɗaya, a matsayin mai cin amana ta bayyana, alhali da bakinka ka ce ba wani ita aka yi. Wannan waƙar ba a kanta take ba, ƙanena. A kan ciwonka take, kuma ciwon ya fara yi maka daɗi. Ba zagi ba ne, abu ne da ke samun masu rubutu da yawa. Baitin baƙin ciki ya fi saurin zuwa, ya fi jawo "Allah sarki" daga masu karatu, sai mutum ya riƙa sosa gyambon don kada tawada ta ƙafe. Na san wannan hanyar, na taɓa bin ta ina saurayi, kuma ban ga komai a ƙarshenta ba sai maimaici.

To so ne ko ciwo? Da so aka fara, wannan ba na shakka. Rubutun ma shi kansa ba taɓuwa ba ne, ka gaya wa Yaya haka, amma ka faɗa da ladabi, don ita take ganin fuskarka kullum, ni takarda kawai na gani. Tsofaffin likitoci ba su ɗauki lamarin wasa ba. Ibnu Sina ya saka tsananin so, wanda Larabawa ke kira ishƙi, cikin cututtuka a littafinsa na likitanci, har ya bayyana yadda bugun jijiyar hannu ke sauyawa idan an ambaci sunan wanda ake so. Saboda haka ka auna kanka da abin da ke wajen littafi. Kana barci? Kana cin abinci? Wayoyin mutane suna kwana a shagonka ba ka taɓa su ba? Ƙafarka tana kai ka layin gidan mijinta ba tare da wani dalili ba? Kana bin hotunanta da wani suna na daban? In amsar ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan ta ba ka kunya, musamman in har zancen mutuwar nan da ke cikin baiti ya fara zo maka a zahiri, to kada ka tsaya wa waƙa. Ka gaya wa Yaya a ranar, ku je asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Addu'a da ganin likita ba sa karo da juna.

Maganar Facebook kuwa ba ta bukatar dogon bayani. Ka sauke su. Ko ba ka rubuta sunanta ba, Jos ba ta da girman da kake zato, duk wanda ya san ku ya san da wa kake. Matar aure ce, tana da miji da surukai da ke riƙe da waya. Abin da Ƙaisu ya jawo wa Laila ke nan, kuma ita ce ke zaune a ɗaki tana biyan kuɗin shahararsa.

Ba na ce ka daina rubutu ba, hasali ma zan ji haushi in ka daina, don wanda ya yi baitin mayafin nan yana da ido da kunne. Ga aikin da zan ba ka. Ka rubuta waƙa guda ta bankwana, ƙwar biyu, wato mai ɗango biyu a kowane baiti, kada ta wuce baiti ashirin. Sharaɗinta, kada baiti ko ɗaya ya fara da "ni", kuma ka faɗi alherinta yadda ake faɗin alherin wanda ya yi nisa, ka yi mata addu'ar zaman lafiya a ɗakinta. In hannunka ya ƙi rubuta addu'ar, ka ajiye biro ka dawo bayan mako guda. Idan ta kammala, ka haɗa ta da littattafan nan uku ka ba Yaya ta ajiye a akwatinta.

Sannan ka sayi sabon littafi. Kana zaune a Terminus tun safe har magariba, gaban tsohuwar kasuwar da ta ƙone a 2002, wadda ita ma kufai ce da dubban mutane ke begenta. Masu kawo maka waya da fasasshen gilashi kowa da labarinsa, wata tana kuka don hotunan mahaifiyarta ne a ciki. Ka turo mini waƙa ɗaya daga can. Kuma ka duba baiti na huɗu a waƙarka ta tsakiya, ɗango na biyu ya fi na farko tsawo da gaɓa uku, rera shi da baki za ka ji inda ya yi tuntuɓe.