Filin Makanike: "Charger ɗina ta ƙi tashi, in sayar ne in huta?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ina da Dodge Charger ƙirar 1969 mai inji 383 (lambar girman injin ke nan). A kwance na saye ta, da niyyar in tayar da ita da hannuna a garejin gida. Ni ba makanike ba ne, sha'awa ce da ɗan abin da na tsinta. To yanzu abin ya kai ni maƙura. Tun ranar farko notin tayoyin ɓangaren direba suka ƙi kwantuwa, na zura dogon bututu a sufana na danna, ƙusoshi biyu suka karye. Na sauke inji aka yi masa aiki, aka sa sabon kamshaf (sandar da ke buɗe bawul-bawul ta rufe su), na mayar, amma ya ƙi tashi. Sai tari da harbi ta kafireta, har wuta ta taɓa fitowa. Kullum ina murza makulli har batir ya mutu. Ana cikin haka na ɗaga tabarmar but, sai ga ni ina hango ƙasa ta rami. Na kankare fentin gefen baya, ashe fila aka lafta. Kayan motar suna jibge a kwalaye, wasu ma na manta inda na ciro su. Uwargida ta daina tambayata yaushe za a gama. In sayar ne ko in ci gaba?
Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, don Allah cire hannunka daga makullin nan. Kada ka sake murza shi sai ka gama karanta wannan amsa, dalili na nan tafe.

Notin taya ba su ƙi kwantuwa ba, ɗaure su kake ta yi. Motocin kamfanin Chrysler na wancan zamani, wato Dodge da Plymouth da sauransu, har zuwa 1970 notin tayoyinsu na ɓangaren hagu a baibai suke: dama ake juyawa a kwance su. Ka goge kan ƙusar da ta saura, za ka ga an buga harafin L. Masu irin wannan mota da yawa da karya ƙusa suka fara, kuma ƙusar taya aba ce da ake bugewa a sa wata. Wannan ba abin rasa barci ba ne.

Inji kuma, daga yadda ka kwatanta shi, lafiyarsa ƙalau, wuta ce ke zuwa ba a kan lokaci ba. Abu biyu nake zargi. Jerin wutar wannan inji, wato yadda silindoji ke karɓar wuta bi da bi, shi ne 1-8-4-3-6-5-7-2, silinda ta 1 ita ce ta gaba a ɓangaren direba, kuma masu lambar mara duk a wannan ɓangaren suke. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne distiribita, mai raba wa fulogai wuta. A ƙaramin injin Chrysler irin 318 tana bayan inji, tana juyawa yadda hannun agogo ke tafiya. A babba irin naka, 383 da 440, tana gaba, kuma saɓanin agogo take juyawa. In ka jera wayoyin fulogi da hoton ƙaramin inji, silinda biyu kaɗai, ta 1 da ta 6, za su sami wuta daidai, sauran shida kowace ta kama gabanta. Zargi na biyu shi ne an zauna da distiribita a juye. Kiranshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa, yana zagaye biyu kafin kamshaf ya yi ɗaya, saboda haka alamar taimin tana zuwa sifiri sau biyu, ɗaya na silinda ta 1, ɗaya na ta 6. Cire fulogin ta 1, toshe ramin da babban yatsa, wani ya juya maka injin da hannu. Sa'ad da iska ta turo yatsanka, kai alamar kan sifiri, ka duba inda rota, ɗan hannun da ke juyawa cikin distiribita, ta nuna. Nan wayar ta 1 za ta zauna. In kuma ya kama muddin kana riƙe da makulli, da ka saki ya mutu, nemi wani ɗan farin tangaran da ke maƙale a bangon da ya raba inji da ɗakin mota. Shi ke rage wutar da ke zuwa kwayil, kuma mutuwarsa sananniya ce a motocin Chrysler.

Dalilin da na ce ka bar makulli shi ne sabon kamshaf ɗin. Irin na waɗannan injina ƙarfe ne ke goga ƙarfe kai tsaye, ba nadi a tsakani, kuma man da ke isa gare shi mafi yawa fantsama ce daga juyin kiranshaf. A gudun kik babu fantsama. Duk murzawar da kake yi, man shafen da aka sa masa wajen haɗawa kake sharewa. Ana so inji ya kama nan take, a riƙe shi a juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti na tsawon minti 20 zuwa 30, ba a bar shi a silo ba. Baƙin man ma sai an zaɓa. Man zamani an rage masa sinadarin zink da fosfaras saboda na'urar tace hayaƙi ta sababbin motoci, tsohon kamshaf kuwa shi yake buƙata. Sayi man da aka yi don sabon haɗi, ka tura shi ya zagaye inji kafin tayarwa, fetur ya zama sabo, abin kashe gobara yana kusa.

Duk waɗannan aikin ƙarshen mako ne. Abin da zai yanke hukuncin sayarwa ko riƙewa yana ƙarƙashin motar, kuma a wasiƙarka ban ga ka leƙa ba.

Charger ba ta da shasi daban wanda aka ɗora bodi a kai. Bodin shi ne ƙashin bayanta. Gilashin bayanta ya lotsa ciki tsakanin ginshiƙai biyu, abin da ya sa take da kyau ke nan, kuma shi ke tara ruwa a gindin gilashi ya riƙa tsiyaya cikin but. Ramin da ka gani a but yawanci daga sama ya samo asali, saboda haka in ka yi waldar ƙasa ba ka cire gilashi ka gyara mazauninsa ba, aikin baban giwa ka yi. Amma ƙasan but da gefen baya faranti ne, ana ƙera sababbinsu. Wuraren da nake so ka duba su ne dogayen ƙarafan da suka bi ƙarƙashin but, inda sifirin na baya ke kamawa, da kuma ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin kujerun gaba. Gaban wannan mota ba a kan sifirin mai murɗe yake zaune ba, sanduna biyu ne masu murɗuwa, kuma gindinsu a cikin wannan ƙarfe yake. In ya ruɓe, nauyin gaban motar ba shi da madogara.

Ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, ba jak kaɗai ba, ka shiga da tocila da guduma da babban sukudireba. Ƙwanƙwasa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, ruɓaɓɓe sai ka ji dif, ɓawo yana zubo maka a fuska. Caka da ƙarfi, kada ka tausaya mata. Jikinta kuma bi shi da mayen ƙarfe nannaɗe a ƙyalle, duk inda ya ƙi kamawa fila ce.

In sukudireba bai shige ba a waɗannan wurare, ni ba zan sayar ba. Motar da ke kwalaye ita ce mafi arha a idon mai saye, asara biyu za ka yi. In kuwa ya shige, to aikin ya wuce na mai koyon walda. Ko ka kai wa wanda ke da teburin daidaita bodi, ko ka sayar, ka gaya wa mai saye gaskiyar abin da ka gani. Babu abin kunya a ciki.

In za a ci gaba, ga shawarata kan yankan tsatsa. Sauke tankin fetur tukuna. Tokare bodi da ƙarafa ta ciki, ka bar ƙofofi a jiki don ka riƙa ganin ko tazararsu ta canja. Gefe ɗaya ake yankewa a gama kafin a taɓa ɗayan, shi ne abin aunawarka. Sabon faranti ba ya zama daidai daga kwali, sai an datse an lanƙwasa, kada ka ɗauka cutar ka aka yi. Walda ɗigo-ɗigo, kana tsallakawa, don zafi kada ya murɗe farantin. Mahaɗar rufi da gefen baya dalma kamfani ya cike ta da ita, tsofaffin takalman birki kuma suna iya ƙunsar asbestos mai illa ga huhu, saboda haka ba a gurza ko hura ƙurarsu ba takunkumi na ƙwarai.

Fenti shi ne na ƙarshe, komai ɗokinka. Ƙarfe, birki, wuta, inji, a tuƙa ta a mummunarta a ga abin da ke ɗiga, sannan a yi maganar launi. Na ga motoci masu sheƙi da aka sake yankawa saboda an gaggauta.

Batun kwalaye, nemi littafin gyara na kamfani na 1969, ka zauna da leda da alƙalami, kwali ɗaya a zama ɗaya. Kada ka yar da komai, ko wanda ya karye, da shi za ka gwada sabo. Notinta na inci ne, sufanar milimita cinye kawunansu take yi. Kuma in ka ciro kujerar baya, duba tsakanin wayoyin sifirin ɗinta. A nan ake yawan samun takardar da ta bi motar a layin haɗawa, mai ɗauke da lambobin duk abin da aka sa mata. Ita da ɗan farantin lambobi da ke jikin fenda a ɗakin inji, adana su nesa da gareji, suna ƙara wa motar daraja ko riƙewa za ka yi ko sayarwa.

Yi gwajin sukudireba a wannan makon, ka aiko mini da hoton ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin kujeru, ta ɓangarorin biyu.