Tambaya da Amsa: Ɗaura na'urar auna iska a kan jigon jirgin da ake ja da mota

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai, na hannu, tsawonsa mita 6, jigonsa na alminiyam mita 8. A gida yake kwana bisa tirela, sai in ja shi da mota zuwa dam, in ta da jigon, idan na gama in kwantar da shi. Ina so in sa masa na'urar da ke nuna ƙarfin iska da inda take fitowa. Mai waya zan saya ko marar waya? Kuma yaya ake ɗaurawa?
Wani mai karatu daga Barnawa, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne don jirgin da jigonsa ke tsaye shekara guda ba a taɓa shi ba. Naka kuwa kullum cikin tashi da kwanciya yake, ga kuma wahalar titi. Saboda haka duk abin da za ka ɗaura, ka ɗaura shi yadda za a cire shi cikin minti ɗaya.

Idan aljihu zai ɗauka, marar waya muka fi so wa irin jirginka. Garmin da Raymarine da B&G duk suna yin masu ƙaramar sola a jiki, Calypso kuma na yin wadda ba ta da kofunan da iska ke juyawa ko kibiyar nuna inda take fitowa sam, da sauti take auna iska, ta aika wa wayar hannu ta Bluetooth. Aibinsu shi ne batirin ciki yana mutuwa bayan 'yan shekaru, kuma idan jirgi ya daɗe a rumfa ba rana, sai ka je bakin ruwa ka tarar ba caji. Ka riƙa ajiye ta inda haske ke samunta.

Mai waya ta fi araha kuma ba ta yanke magana, amma aikinta ya fi yawa. Ka kwantar da jigon bisa benci biyu. Gindin na'urar a can ƙololuwa ake ɗaure shi, hannunta na kallon goshin jirgi sak, don ta sha iskar da filafilai ba su dagula ba. Ka nisanta ta da eriyar rediyo da fitilar saman jigo gwargwadon yadda wuri ya ba ka, ka juya kibiyar da hannu zagaye guda ka tabbata ba ta taɓa komai. Idan saman jigon ba shi da shafaffen wuri, maƙeran Panteka za su yanka maka farantin alminiyam mai kaurin milimita 3 ko 4, su lanƙwasa shi daidai.

Wajen huji, sukuru mai lamba M5 yana son ramin milimita 4.2, M4 kuma 3.3, sannan a yanka wa ramin haƙora. Sukurun ya zama na ƙarfe marar tsatsa. Sai dai shi da alminiyam ba sa zama lafiya idan danshi ya shiga tsakaninsu: alminiyam ɗin ne ke cinyewa, ya yi farin gari, sukurun ya kafe har sai an fasa. Maganinsa a shafa man hana cinyewar ƙarfe, irin su Duralac ko Tef-Gel, a haƙoran kafin a ɗaure.

Daga sama ake zura waya zuwa ƙasa, domin kan da ke shiga na'urar a haɗe yake zuwa daga kamfani. Kafin ka ja, ka ɗaure igiyoyin filafilai tamau, in ba haka ba wayar za ta nannaɗe su a ciki, ranar da ka ja filafili ka tsinke ta. Idan igiyoyin ta cikin jigo suke bi, wayar na bukatar bututunta daban, na roba irin na masu wayarin gida, milimita 20, a kafe shi a bangon jigon. Idan ta waje suke bi, ya isa ka ɗaura robobin ɗaure waya uku-uku a kowace mita, ka bar jelarsu ba yankewa, kowace na kallon gefe daban. Su za su tokare bango su hana wayar kaɗawa. Duk ramin da waya ta ratsa a sa masa zoben roba, kuma a maƙale ta a sama, kada nauyin mita 8 ya rataya a kan mahaɗin na'urar.

Gindin jigo ne inda aikin ya fi lalacewa. Dole ka yanke wayar a nan ka sa fulogi mai hana ruwa shiga, irin mai lambar IP68, wanda yawan ƙafafunsa ya kai yawan layukan wayar. Galibi biyar ne. Layukan sirara ne ƙwarai, don haka murɗawa da naɗe salatif ba za su kai ka ko damina ɗaya ba. A liƙe su da dalma, kala da kala, har da ragar da ke lulluɓe da su. Ka bar rarar waya kamar santimita 30, ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau fulogi, yadda ruwan sama zai ɗiga a ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga. Ɓangaren da ke jikin jirgi, wanda wuta ke zuwa ta cikinsa, shi ne zai zama mai ramuka, kuma ya kasance da murfi. Ka ɗaura jan ƙyalle a fil ɗin gindin jigo don tuni, saboda wanda ya kwantar da jigo bai zare fulogi ba ya tumɓuke wayar ke nan. Allon nuni kuma daga batirin bolt 12 zai sha wuta, ta fiyus ɗin da takardar kamfani ta ambata.

Kafin ka hau titi, cire na'urar ka sa ta a mota, ka rufe gurbinta. Gudun kilomita 80 a awa, a wajenta guguwa ce mai ƙarfin 43 a ma'aunin KTS da allon ke nunawa (ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa). Ƙara da ramukan hanya da rassan itace, ga ƙarshen jigo ya zarce bayan tirela. A bakin ruwa ita ce ta ƙarshen ɗaurawa kafin a ta da jigo. Kuma don Allah ka ɗaga kai tukuna: jigo bisa tirela ya kai mita 10 daga ƙasa, alminiyam ne, layin wuta mai 11kV ko 33kV kuwa ba sai an taɓa shi yake kisa ba, kusantarsa ma ta isa.

TAMBAYA: Tawa tana aiki, amma idan iska na dama sai ta nuna digiri 30, idan na juya ta koma hagu sai 50. Kuma ƙarfin yana canzawa da na juya jirgi. Ta lalace ne?
Wani mai karatu daga Unguwar Rimi

AMSA: Lafiyarta ƙalau, Alhaji. Ta farko karkata ce ta ɗauri. Bambancin 20 ne, ka raba biyu, ka shiga saitin allo ka gyara da digiri 10, kowane gefe zai koma 40. Wata hanyar ita ce ranar da iska ta kwanta ka kunna inji ka miƙe sak, kibiya ta kamata ta nuna sifili. Wasu na'urorin suna son a yi zagaye biyu a hankali kafin su karɓi saiti. Idan kai ma kana kwance jigo kullum, ka yi wa notocin wayoyin da ke riƙe shi alama da fenti don ya riƙa komawa mazauninsa, in ba haka ba gyaran yau ba zai yi gobe ba.

Ta biyu kuwa haka abin yake. Na'urar tana jin iskar Allah haɗe da wadda gudun jirgi ya haifar. Iska mai ƙarfin 10, kana gudun 4: idan ka fuskance ta za ka ga kusan 14, idan ka ba ta baya ka ga 6. Nan ne mutane ke ruɗuwa su ƙi rage filafili, sai sun juyo su ji ainihin ƙarfinta. Allon ba zai fitar da ainihin iskar ba sai an haɗa shi da abin auna gudun jirgi ko GPS.

TAMBAYA: Tun bayan hunturu kofunan suka daina juyawa sai iska ta yi ƙarfi, wani lokaci allon ma ba ya nuna komai. In sa mata giris?
Wata mai karatu daga Kawo

AMSA: A'a Hajiya, giris da baƙin mai ƙura suke kamawa, su mayar da ita laka. Ƙurar hunturu ce ta cika boris ɗin da kofunan ke juyawa a kai. Cire kofunan, ki wanke wurin da ruwan ɗumi mai tsabta kina juyawa, ki bar shi ya bushe. Idan kin hura da baki bai juya ba, boris ɗin ya ci, sai sabo. Ki leƙa gurbin da na'urar ke shiga, zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki idan an bar shi ba murfi.

Ɗaukewar allo kuwa ki fara zargin fulogi. Idan ƙafafunsa sun yi kore, a goge su. A irin ta Raymarine mai waya, mitar auna wuta za ta nuna kusan bolt 8 tsakanin jan layi da raga, shuɗi da kore kuma su riƙa hawa da sauka tsakanin 2 da 6 yayin da ake juya kibiya. In an samu haka a gefen allo amma babu shi bayan fulogi, laifin yana wurin.

Idan damina ta kusa, ki riƙa zare fulogin duk lokacin da za a bar jirgi da jigo tsaye, domin tsawa ko a kusa ta faɗi tana iya ƙona allon ta cikin wayar. Kuma na'urar iskar da ta riga ta iso take aunawa. Hadarin farkon damina a nan daga gabas yake tasowa da guguwa a gabansa, don haka da kin ga gabas ta yi baƙi a sauke filafilai a nufi gaɓa, ko da allon na nuna 5.