Amsa kan allurar PRP don ciwon jijiyar ƙwanji

Malam, ka tambaya ko allurar PRP za ta warkar da jijiyar ƙwanjinka, wato jijiyar da ke haɗa tsokar ƙwanji da ƙashi. Jininka ake ɗiba, a juya shi a na'ura har ƙwayoyin da ke daskarar da jini su taru, sannan a yi maka allurarsu kusa da jijiyar. Binciken da aka yi kan amfaninta ga wannan jijiya bai taka kara ya karya ba, don haka a ganina ka fara da gashin ƙashi da rage ɗaukar kaya masu nauyi. Idan kuwa jijiyar ta tsinke ta wajen gwiwar hannu, allura ba ta haɗa ta, tiyata ake yi cikin makonnin farko, saboda haka ka garzaya Asibitin Ƙashi na Igbobi da ke Legas a duba ka.