Fim ɗin ɗan barkwanci mai yanka mutane: amsoshin likita

Tambayoyin wannan makon duk a kan fim ɗin ban tsoron nan ne mai suna Terrifier da matasa ke tura wa juna a waya, wanda wani ɗan barkwanci mai farin fenti a fuska ke bin mutane da wuƙa.

Likita, gabana na faɗuwa amma ina jin daɗin kallonsa. Lafiyata kuwa?

Lafiyarka ƙalau, ɗana. Tsoro na sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, tafin hannu ya jiƙe. Da yake ka san wuƙar ba za ta fito daga waya ba, sai firgicin ya zame maka nishaɗi. Fentin ma na da nasa aikin: baki na dariya, amma ba ka iya karanta fuskar.

Ina da hawan jini, zan iya kalla?

In kana shan maganinka kuma awo ya daidaita, ba laifi, Malam. Da ka ji ciwon ƙirji ko numfashi na sarƙewa, kashe fim ɗin, sai asibiti.

Ƙawata ta suma da ta ga jini, muka ɗura mata ruwa. Mun yi daidai?

A'a, Malama. Wanda ya suma ba ya iya haɗiya, ruwan zai tafi huhu. An ba da rahoton irin wannan suma da amai a gidajen sinimar Amurka a 2022, lokacin da Terrifier 2 ya fito. Ganin jini kan sa bugun zuciya ya ragu, jini ya gaza isa ƙwaƙwalwa. A kwantar da ita, a ɗaga ƙafafunta bisa matashi biyu, a sassauta mata mayafi. Yawanci cikin minti ɗaya za ta farfaɗo. In ya kai minti 2, ko tana da juna biyu, ko ta bugu a ka, a kai ta asibiti.

Ɗana mai shekara 6 ya kalla a wayar yayansa, yanzu kullum yana farkawa da ihu. An ce aljanu ne, a yi masa hayaƙi. Maƙwabciya kuma ta ba ni ƙwayar barci.

Hajiya, don Allah kada ki ba shi ƙwayar nan. Irin su diyazefam suna danne numfashin yaro, kina ganin barci yake yi alhali iska ce ke ƙare masa. Haka maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta hana yi da shigo da shi tun 2018. In kin riga kin ba shi, kika ga yana wuyar tashi ko numfashinsa ya yi ƙasa, ki ɗauke shi zuwa asibiti yanzu, tare da kwalin maganin.

Hayaƙin kuwa yana ɓata min rai ƙwarai. A lulluɓe yaron da ke cikin firgici da bargo, a turara masa barkono a garwashi! Ga ƙuna, ga shaƙewa, in mai asma ne abin na iya zama ajali. Ki tofa masa addu'ar barci, wannan ba ta cutar da kowa.

Yaro mai shekara 6 bai gama rarrabe wasa da gaske ba; a wurinsa mutumin nan na bayan ƙofa. Faransa ma ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 kallon kashi na uku na fim ɗin a 2024. A goge shi daga wayar yayan. Da rana ki zaunar da yaron, ya faɗi abin da ya gani, ki gaya masa mutum ne aka shafa wa fenti, jinin kuma ruwan kala ne. Ki bar masa fitila, ya kwanta kusa da ke, kada kowa ya yi masa dariya.

In ya haura sati 2, ko fitsarin kwance ya dawo, ko ya ƙi makaranta, ki kai shi wurin likitan yara. In kuma jikinsa na sandarewa yana fizga, ba mafarki ba ne, yana iya zama farfaɗiya: ki juya shi gefe, ban da cusa cokali a baki, a je asibiti. Ya wuce minti 5 yana fizga, kada a jira gari ya waye.