Amsa: Me ake gani a Gidan Makama?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Gidan Makama na Kano, wato gidan adana kayan tarihi, ya cancanci ziyara, ko kuwa tarkacen tsofaffin kaya ne kawai. Ka je, wallahi ba za ka yi da-na-sani ba.

Ginin kansa shi ne abin kallo na farko. Tun ƙarni na 15 aka gina shi, Muhammadu Rumfa ya zauna a ciki kafin ya hau sarautar Kano a 1463. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun mayar da shi ofishinsu, daga baya aka yi makaranta a wani sashe. Yanzu yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, yana nan daf da Gidan Sarki.

A ciki za ka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, kayan yaƙi, kayan kiɗa, hotunan sarakuna, da ɗakin amarya irin na da, da jeren kwanukansa. Ka ɗaga kai ka kalli ɗaurin gugan soron, wato rufinsa mai lanƙwasa kamar baka, aikin magina ne na gaske.

Abin da ke ba ni haushi, 'yan makaranta da baƙi ne suka fi zuwa, mutanen cikin birni kuwa sai su wuce ta ƙofar kullum ba su leƙa ba. In za ka je, ka nemi mai zagayawa da baƙi ya yi maka bayani.